Bugun zuciya: Binciken da ya fi amfanar mai nisa da babban asibiti

Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya, naman zuciyar yakan fara mutuwa cikin mintuna. Abin da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya, a buɗe inda ya toshe. Sai dai aikin yana buƙatar ɗaki na musamman mai tsadar kafawa. Shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta ce in ba za a samu yin sa cikin minti 120 ba, a yi wa majinyaci allurar narkar da gudan jinin a inda yake.

Binciken da ya fi jan hankali a 2024 shi ne DanGer Shock, wanda aka gudanar a Denmark da Jamus da Birtaniya. An saka wa mutanen da zuciyarsu ta kasa harba jini wani ɗan famfo mai suna Impella. Cikin wata shida, kimanin kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka saka wa sun rasu, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 59 ne. Ci gaba ne babba, amma na'urar tana da tsada ƙwarai, kuma ta ƙara zubar jini da matsalar ƙoda.

Wanda ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne STREAM, da aka wallafa a 2013. An gwada yi wa majinyaci allurar tenecteplase da wuri, sannan a tura shi babban asibiti a duba jijiyar. Sakamakon ya yi kusan daidai da na waɗanda aka wuce da su ɗakin bututu kai-tsaye. Illar ita ce zubar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga tsofaffi. STREAM-2, a 2023, ya gwada rabin adadin allurar ga 'yan shekara 60 zuwa sama. Ta yi aiki, ko da yake haɗarin bai gushe gaba ɗaya ba. A jihar Tamil Nadu ta Indiya an gina tsari a kan wannan dabara: ƙaramin asibiti ya ɗauki gwajin ECG, ya aika wa ƙwararre, ya yi allura, motar asibiti ta ƙarasa da majinyaci.

A Najeriya, doka ba ta bar giɓi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan. Giɓin yana wajen aiki. Ɗan kasuwar da ƙirjinsa ya ɗaure, yana gumi, sau da yawa kemis yake fara zuwa, a ba shi maganin gyambon ciki. Kafin ya isa inda ake da na'urar ECG, sa'o'in farko da allurar ta fi tasiri sun wuce.

Jihar da ke shirin kashe kuɗi a kan ɗakin bututu guda a babban birninta, ya kamata ta fara lissafa asibitocinta nawa ne za su iya ɗaukar ECG cikin minti 10 da shigowar majinyaci, nawa ne kuma ke da allurar a ajiye da ƙarfe biyun dare.