LAMBOBIN YAƘIN KAKANNINMU: TA ASALI DA TA KWAIKWAYO

Jama'a, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani ciniki da ya shigo mana zango, watau cinikin lambobin yaƙi. A Ingila akwai mutane masu tara irin waɗannan lambobi, kamar yadda waɗansu ke tara kan sarki, suna kuwa biyan kuɗi mai tsoka. Saboda haka dillalai sun fara bin gidajen tsofaffin soja suna tambayar jikoki. Wani ma har yakan ce ka ba shi tsohuwa mai tsatsa, ya ba ka sabuwa mai ƙyalli, ya ƙara maka da 'yan sidi. To, lalle ya kamata mu san abin da ke hannunmu tukuna.

Kowa ya san yadda aikin soja ya kawo da yawa daga cikin kakanninmu ƙasar nan. Kyaftin Glover ya zo da Hausawa daga Ikko a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan Hausa, wadda ta zama rundunar sojan Gwal Kos a 1901. Wanda ya je Kumasi a 1896 an ba shi tauraro na tagulla, wanda ya yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900 an ba shi lamba mai kan Sarki Edward na 7. Sa'an nan ga na yaƙin Jamus na 1914, ga na yaƙin Hitila: tauraron Afirka ga waɗanda suka kori Italiya daga Habasha a 1941, da tauraron Bama ga 'yan runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka sha wuya a kwarin Kaladan, suka ci Myohaung a Janairun 1945. Waɗannan na ƙarshe su suka fi yawa cikin akwatunanmu.

Masu tarawa sun ce lamba iri uku ce. Akwai ta asali, wadda aka miƙa wa sojan da kansa. Akwai ta mayewa, wadda hukuma ta sāke bayarwa bayan ta farko ta salwanta. A Ingila ba a ba da ita sai an tabbatar sace ta aka yi, ko gobara ko ambaliya ta ci ta, kuma sai an nuna takardar 'yan sanda ko ta inshora, an biya kuɗi. Sa'an nan akwai ta kwaikwayo, wadda wani kamfani ya ƙera don sayarwa ga kowa. A wurinsu ta asali ita ce dukiya, ta mayewa ta biyo baya da nisa, ta kwaikwayo kuwa ƙarfe ne kawai.

A kasuwa wannan hukunci daidai ne, ban ja ba. Amma ni a ganina ba shi ne hukuncin da ya dace da gidajenmu ba, ga kuwa dalili. Lambobin yaƙin 1914 an buga musu suna da lambar soja da muƙami a gefe ko a baya. Na yaƙin Hitila kuwa, Gwamnatin Ingila ta raba su babu suna. Ostareliya da Afirka ta Kudu sun buga wa nasu mutane suna, mu ba a yi mana ba. Watau tauraron Bama na kakanka da na kakana da wanda ke kan tebur a kasuwar London, duk kamarsu ɗaya. Abin da ya mai da shi na kakanka shi ne littafin sallama da ke tare da shi, da hotonsa cikin kaki, da shaidar mutanen gida. Ranar da aka raba tauraron da takardun nan, ya zama maraya, ko da na asali ne sau goma.

Mu da ke aikin akawu mun san darajar lamba a kan takarda. Akawunan bariki na wancan zamani ba su damu da sunan uba ba. Sukan rubuta sunan mutum, su liƙa masa sunan garinsu ko ƙabilarsa. Shi kansa Alhaji Grunshi, wanda aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Agustan 1914 a ƙasar Togo, da sunan ƙabila tarihi ya san shi. Musa nawa ne a runduna ɗaya? Lambar sojan ce kaɗai ke rarrabe su. Don haka nake cewa ta mayewa wadda hukuma ta ba mutum da sunansa, ta fi mini ta asali marar takarda da aka tsinto a kasuwa, kome kuwa dillali zai ce.

Game da ta kwaikwayo, ban ga abin kunya a cikinta ba, muddin an kira ta da sunanta. Yaro yana so ya tafi maƙabartar soja ta Osu ran 11 ga Nuwamba don tunawa da kakansa, sai a saya masa ta kwaikwayo ya maƙala a ƙirjin dama, gama hagu na mai ita ne. In ta faɗi cikin cunkoso, ba a yi hasarar kome ba. Gidan da 'ya'ya suka yi yawa kuma, ta kwaikwayo takan kashe rigimar gado: ta asali ta zauna wurin babban wa tare da takardu, sauran kowa ya sami tasa. Abin da na ƙi shi ne a sayo tauraro marar suna, a kai wa maƙeri ya zana sunan wani saje a baya, a sayar da shi a kan na asali. Wannan ha'inci ne, kuma ƙarya ce aka yi wa mamaci.

Ganewa ba ta da wuya ƙwarai. Ta asali buga ta aka yi da inji kamar kwabo, haruffanta a tsaye suke da kaifi. Ta kwaikwayo sau da yawa zubi ce, sai ka ga haruffa sun dushe, da ɗan layi a gefe inda ƙwaryar zubin ta haɗu, nauyinta kuma ba ya kai. Kamfani mai gaskiya yakan buga kalmar COPY a bayanta. Kada kuma a ɗauki toka da lemun tsami a goge ta asali wai don ta yi haske, gogewa na cinye zanen, masu saye ma sun fi son ta da duhunta. Tsohon ƙyallen da take rataye a jiki, ko ya koɗe, a bar shi.

Wanda talauci ya matsa masa har ya ga ba makawa sai ya sayar, ba ni da bakin zarginsa. Tsofaffin sojan nan su da kansu sun sha talauci. Neman haƙƙinsu ne ya kai su mararrabar Osu ran 28 ga Fabrairun 1948, inda aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Amma in za a sayar, a sayar da su gaba ɗaya, kada a rarraba su ɗai-ɗai, kuma kafin su bar gida a ɗauki hoton kowane shafi na littafin sallama, a rubuta lambar sojan a inda jikoki za su same ta.

Naku,
Wani Akawu, Sabon Zango, Ankara.