Filin Turanci: Ƙaramin Harafin da Ke Cinye Makin Insha'i



A makon jiya wani malamin Turanci da ke koyarwa a wata sakandare a Safana ya nuna mana insha'in da 'yan aji shida suka rubuta masa a gwajin share fagen jarrabawar WAEC. An ce su ba da labarin ranar kasuwa a garinsu. Wata ɗaliba ta yi rubutu mai daɗi ƙwarai. Ta kawo masu rogo da masu gero, ta kawo 'yan acaɓa, har ƙurar da ke tashi a kara wurin dabbobi ba ta manta ba. Duk da haka jan biron malam ya cika takardar. Da muka duba, fiye da rabin kurakuran iri ɗaya ne: "My father sell cassava." "The traders comes from Batsari." "The price of goats are high."

Sunan wannan matsala a bakin malaman Turanci "concord", wato jituwar aikau da aikatau. Aikau shi ne wanda ya yi aikin ko wanda ake magana a kansa, aikatau kuwa ita ce kalmar aikin.

Kada ku raina ta. A WAEC insha'i yana da maki 50, kuma 10 daga ciki an ware su ne ga tsaftar rubutu, wato nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin rubutu. Kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure 20 a insha'i mai kalmomi 450, shi ke nan goman nan ta tafi. Ga kuma tambayoyin zaɓi, inda ba a rasa irin wannan tarko. Wani lokaci 'yan makin nan ne ke raba C6 da D7, kuma in babu kiredit a Turanci, ƙofar Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba za ta buɗe ba, ko da sauran darussa sun yi kyau.

Mun san halin da karatu ya shiga a Batsari da Safana a 'yan shekarun nan. Rashin tsaro ya sa an rufe wasu makarantu, wasu daga cikinku sun yi zango guda ko fiye a gida, wasu sun koma karatu a garin da ba nasu ba. Amma mai duba takarda bai san wannan ba, abin da ke gabansa kaɗai yake gani. Shi ya sa muka zaɓi darasin da za ku iya gyarawa da kanku, ko da malami ko babu.

Ga albishir: kun riga kun san wannan doka tun kuna goye. Akwai ɗayanku da zai ce "Musa sun tafi Runka", ko "yara ya ci tuwo"? Ko ɗan shekara huɗu ba zai faɗa ba. A Hausa "ya" da "ta" na tilo ne, "sun" na jam'i. Turanci ma haka yake bi, sai dai alamarsa ƙarama ce, kuma tana zama a inda ba a zata ba.

Idan aikau tilo ne, kuma ana maganar abin da aka saba yi, aikatau tana ɗaukar "s": "The farmer plants millet." Idan jam'i ne, sai ta ajiye shi: "The farmers plant millet." Abin da ke rikita ɗalibai shi ne an koya musu cewa "s" alamar jam'i ce. Gaskiya ne, amma a kan suna. A kan aikatau alamar tilo ce. Ku ɗauke shi kamar keke ɗaya a gida: in suna ya hau, aikatau ta tafi a ƙasa, in aikatau ta hau, suna ya tafi a ƙasa. Haka "is", "was", "has" da "does" na tilo ne, "are", "were", "have" da "do" na jam'i. "I" da "you" ba sa ɗaukar wannan "s", kuma "you" kullum da "are" take tafiya, ko mutum ɗaya ake nufi.

To, ta yaya za a gane aikau idan jimla ta yi tsawo? Dabararmu ita ce ku mayar da jimlar Hausa a zuci, ku ji ko "ya", "ta" ko "sun" ne zai fito. Ɗauki kuskuren ɗalibar nan. A Hausa cewa za ta yi "farashin awaki ya tashi". Ba za ta taɓa cewa "sun tashi" ba, don farashi ake magana, awaki rakiya suka yi. Saboda haka daidai shi ne "The price of goats is high." Haka "jerin sunayen ɗalibai ya ɓace" zai ba ku "The list of names is missing." "Ɗaya daga cikin 'yan'uwana yana zaune a Wagini" zai ba ku "One of my brothers lives in Wagini." Kalmar da ke kusa da aikatau ba lallai ita ce aikau ba.

Dabarar tana aiki a kan "kowa" ma. Muna cewa "kowa ya zo", ko da mutum ɗari ne. Turanci ma tilo yake ɗaukar "everybody", "everyone", "nobody" da "each": "Everybody has a pen." Idan kuma aka haɗa biyu da "and", sun zama jam'i kamar yadda "da" ke yi: "Musa and Audu are in the farm."

Amma akwai wuraren da Hausa za ta kai ku ta baro, kuma su ne masu shirya jarrabawa suka fi so. Muna cewa "kuɗin sun ƙare", "kaya sun iso", "labarai sun bazu". Turanci yana ɗaukar waɗannan a matsayin tilo: "The money is finished." "My luggage has arrived." "The news is good." Haka "information", "advice", "furniture" da "equipment": ba a ƙara musu "s", kuma da "is" suke tafiya. Sunayen darussa irin su "Mathematics", "Physics" da "Economics" suna ƙarewa da "s", amma kowanne darasi ɗaya ne: "Mathematics is my best subject."

Akwai kuma kishiyar wannan. Wando ɗaya ne a wurinmu, almakashi ɗaya, tabarau ɗaya. Bature kuwa ƙafa biyu da baki biyu ya duba: "My trousers are new." "The scissors are sharp." Sai dai in kun sa "a pair of" a gaba, lokacin nan sai "is". Su kuma "people", "police" da "cattle" ba su da "s", amma jam'i ne, kuma a nan Hausa ta sake zama abokiyarku, don mutane da 'yan sanda da shanu duk "sun" suke ɗauka: "The cattle are grazing."

Saura tarko uku. Na farko, "as well as", "together with" da "along with" ba su da ƙarfin "and". Aikau na farko ake bi: "The principal, as well as the teachers, is here." Na biyu, a jimlar "either… or" da "neither… nor", sunan da ya fi kusa da aikatau shi ke da iko: "Neither the teacher nor the pupils are late." In aka juya kuwa: "Neither the pupils nor the teacher is late." Na uku, idan "does" ta shigo, ta riga ta ɗauke "s" ɗin, kada ku sake sa wani. "She does not knows" kuskure ne, "She does not know" ne daidai.

Sanin doka daban, sabo da ita daban. Saboda haka a ranar jarrabawa ku rage minti biyar bayan kun gama insha'i. Ku bi jimla ɗaya bayan ɗaya, ku ɗora yatsa a kan aikatau, ku tambayi kanku: wa ya yi aikin, ɗaya ne ko da yawa? Kafin ranar kuma, kowane dare ku rubuta jimla biyar a kan abin da kuka gani a gona, a kasuwa ko a hanyar makaranta, ku yi musayar littafi da abokin karatu ya duba muku. Da haka kunne zai saba, har ya zamana "he go" yana yi muku ƙaiƙayi kamar yadda "Musa sun tafi" ke yi.

Ga aikin wannan mako. A cikin jimlolin nan shida, biyar suna da kuskure, ɗaya lafiyarta lau. Ku gyara biyar ɗin, ku nuna mana mai lafiyar:

1. The bags of millet is in the store.
2. Each of the girls have a book.
3. The police are at the gate.
4. My uncle, together with his sons, farm near Ruma.
5. The news from Safana are good.
6. Hadiza does not likes groundnuts.

Za mu kawo amsoshin a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, tare da darasi a kan kalmomi irin su "team", "family" da "committee", waɗanda wani lokaci suke tilo, wani lokaci jam'i. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya kuma zaunar mana da yankunanmu lafiya.