Daƙiƙa Goma a Bayan Iyaka

A shekarar 2011 saura ƙiris daƙiƙa goma su raba ni da abokaina uku. Muna karatu a Zariya a lokacin, kuma akwai wani shagon wasan bidiyo a ƙarshen layinmu. Yawancin masu zuwa ƙwallo suke bugawa a PlayStation, amma mai shagon yana da Xbox 360 guda ɗaya a can lungu, da faifan Halo: Reach wanda kamfanin Bungie ya fitar a 2010. Mu huɗu mukan haɗa kuɗin awa, a raba allon talabijin gida huɗu, kowa ya ɗauki hannunsa, mu yi ta harbin juna har man inji ya ƙare.

A cikin wasan akwai sashen da ake kira Forge, inda mutum yake gina filin dagarsa da kansa. Ya kafa katanga, ya shimfiɗa gada, ya ajiye bindiga inda ya ga dama. Ni ne mai haƙurin wannan aiki a cikinmu, don haka ni na gina mana fili a wani kwari tsakanin duwatsu. Da na zo kewaye shi, na tarar iyakar iri biyu ce. Akwai mai sassauci: in ka tsallake ta, gargaɗi zai fito a allo, a fara ƙirga maka daƙiƙa goma, in ba ka dawo ba ka mutu. Akwai kuma mai tsanani, wadda ko yatsan ƙafarka ya taɓa ta ka faɗi nan take. Na ɗauki mai sassaucin ba tare da wani dogon tunani ba.

Mako guda muka yi lafiya lau. Sannan ɗayanmu, wani ɗan ajinmu mai shiru-shiru wanda ba ka cewa ya iya mugunta, ya gano wani ɗan tudu a jikin dutsen, taku biyu ko uku a bayan iyakar. Sai ya ɗauki bindigar harbin nesa, ya tashi da injin nan da ake goyawa a baya, ya sauka a kan tudun. Daga can yana hangen kwarin kaf, mu kuwa sai mun ɗaga kai sosai kafin mu gan shi. Abin da ya fi ƙona rai shi ne allon ɗaya ne, muna kallon kusurwarsa da idonmu. Lambobi suna saukowa, takwas, bakwai, shida, shi kuwa ko gezau, yana saita bindiga kamar mai jiran shayi ya huce. Ya kayar da mutum ɗaya, wani lokaci biyu. Ƙirga ta kai uku, ya diro cikin fili, agogo ya koma goma, ya sake hawa.

"Malam, wannan ai ha'inci ne," in ji na kusa da ni.

"Wane ha'inci? Wasan ne ya ba ni daƙiƙa goma. Ku ma an ba ku."

Maganarsa ba ta da makama, shi ya sa ta fi ciwo. Tun muna yara a dandali, in za a yi wasan ɓuya sai an yanke cewa kada kowa ya wuce ƙofar gidan wane, kuma wanda ya wuce ya san ya yi abin kunya ko ba a kama shi ba. Shi wannan bai wuce komai a ɓoye ba. Rangwamen da aka tanadar wa wanda ya yi kuskure ne ya mayar jari.

Washegari na riga kowa zuwa, na biya kuɗin rabin awa ni kaɗai, na cire iyaka mai sassauci na sa mai tsanani. Na zauna ina jiran in ga yadda zai ƙare.

Ba shi ya fara mutuwa ba. Mai shagon yana da ƙane ɗan shekara goma sha biyu ko makamancin haka, wanda muke miƙa wa hannu in ɗayanmu ya tafi sallah. Yaron ya hau motar yaƙin nan da ake kira Warthog, ya zo shan kwana, bayan motar ya zame ya taɓa layin, shi ke nan. Ya waiwayo yana tambaya, "Yaya, wa ya harbe ni?" Babu wanda ya harbe shi. Kafin la'asar kowannenmu ya mutu haka ba sau ɗaya ba: wannan gurneti ya wurga shi, wancan yana ja da baya yana harbi bai ga inda ya sa ƙafa ba. Ni da na ja layin da hannuna sai da ya ci ni sau uku. Mutum ɗaya ne kawai iyakar ba ta taɓa ba duk yinin, wato mai tudun. Ya sha tsallake ta yana dawowa, ya san inda take kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa.

Sai daga baya na gane cewa masu ƙera waɗannan wasanni sun daɗe suna fama da abin da ya ci ni a ranar. Fili dole ya ƙare a wani wuri, tun da na'ura ba za ta zana duniya duka ba. Katangar da ba a gani tana ɓata wasa, kana gudu a fili fetal sai ka ji ka yi karo da iska. A Halo 3 na 2007, Bungie sun gwada dabarar da ta fi burge ni: filin Sandtrap sun kewaye shi da nakiyoyi, filin Snowbound kuma da bindigogi masu harbi da kansu, ta yadda mai fita yana ganin abin da zai kashe shi. Kamfanin DICE na ƙasar Suwidin, masu Battlefield, su agogo suka riƙe, daƙiƙa goma a Battlefield 3 da Battlefield 4. Goman nan kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai tafiya a ƙasa taku kaɗan zai juya ya dawo. Mai tuƙa jirgin yaƙi kuwa kafin ya sha kwana rabin lokacin ya tafi, shi ya sa sai an buɗa wa jirage iyakarsu fiye da ta sojan ƙasa.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Apex Legends, wanda kamfanin Respawn ya fitar a Fabrairun 2019, inda mutum 60 ke sauka a tsibiri ɗaya uku-uku. Da farko daƙiƙa 30 ake ba wanda ya hau saman dutse ko rufin da ba a yarda a tsaya ba. A Mayun 2021 aka shigo da wata jaruma mai suna Valkyrie, wadda ke iya cilla kanta da abokanta biyu sama. Nan fa ƙwararru suka samu abin da abokina ya samu. Su sauka a wurin da aka hana, su leƙa inda abokan gaba suke, su jira wasu su gama kashe juna, sannan su diro. A Satumban wannan shekarar Respawn suka rage lokacin zuwa daƙiƙa 15. Irin maganina ne, kodayake nasu bai kai nawa hauka ba. Bai wadatar ba, domin wanda ya shirya abinsa daƙiƙa 15 sun ishe shi. Sai a Mayun 2022 suka taɓo inda ciwon yake: duk wanda ya fita iyaka, bindigarsa ba ta tashi, ba ya jifa da gurneti, ba ya fara shan magani, baiwar jaruminsa ma a kulle take. Wanda tsautsayi ya jefa can yana da lokacin saukowa. Wanda ya je da niyya kuwa ya tarar babu abin ci.

Ni na yi zaton hukuncin yana cikin yawan daƙiƙun ne, shi ya sa na mayar da goma sifili. Alhali tambayar da ta kamata in yi ita ce me mutum yake samu a cikin daƙiƙun. Yaran da ke buga Free Fire da PUBG a waya yau sun san ɗan'uwan wannan. A can, da'irar da ke matsowa tana zuƙe jinin wanda ke wajenta a hankali, amma mai isasshen magani yakan zauna a wajenta yana ɗurawa, na ciki suna kashe juna.

A shagonmu dai ba wani masani ne ya raba gardamar ba. Mai shagon ne, wanda ko sunan wasan bai damu ya riƙe ba, ya gaji da hayaniyarmu ya matso ya tsaya a bayanmu. Aka nuna masa tudun, aka nuna masa layin. Ya ce, "To ku da kuka gina wurin, ba za ku iya aza wani abu a kan tudun ba, ya rasa inda zai tsaya?"

Kunya ta kama ni, domin aikin bai kai minti biyar ba. Na ɗauko ƙaton bango na jingina shi a karkace a kan tudun, duk wanda ya sauka sai ya sulalo. Na mayar da iyaka mai daƙiƙa goma inda take, mai tsananin kuma na tura ta can baya inda babu mai isa bisa kuskure. Yaron ya ci gaba da zamewa da motarsa yana dawowa da rai. Abokin namu ya gwada tudun sau biyu ya haƙura, ya sauko ƙasa cikinmu, kuma har muka gama makaranta shi ne ya fi yawan cin mu.