Littafi Ya Tsaya da Ƙafarsa

Marubucin duk da ya sayar wa mutum littafin da ba a gane kansa sai an kalli fim, ko sai an nemo kashi na ɗaya, ya ci haƙƙin mai karatu. Ɗan Dagumawa da ya shiga kasuwar Wudil ran Juma'a ya sayi littafi, labari ya biya wa kuɗi, cikakke, mai kai da gindi.

Wannan cuta ba ta bar manya ba. Dubi Arthur C. Clarke, gwanin ƙagaggun labaran kimiyya. A littafinsa 2001: A Space Odyssey na 1968, jirgin ya nufi duniyar Zuhal, amma a fim ɗin Stanley Kubrick Mushtari ya nufa. Da ya tashi rubuta ci-gaban labarin, wato 2010: Odyssey Two, a 1982, sai ya bi fim ya bar littafinsa. Wanda littafi kawai ya karanta, sai ya tarar da jirgi a inda bai bar shi ba. Wannan adalci ne?

To, mu dawo gida. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya kai yaro Kilba sararin samaniya, ya rufe labarinsa cikin ɗan littafi guda. Abubakar Imam ya kasa Magana Jari Ce gida uku, amma wanda ya fara da na uku, inda aku ke koya wa ɗansa Fasih, ba zai ɓata ba.

Sai ga zamanin adabin kasuwar Kano, shekarun 1990, aka mai da yanke labari sana'a. Ana tsakiyar magana sai a datse, a ce a tari na biyu. Masu kare wannan ɗabi'a sun ce tsadar takarda ce. Mun ji. To, masu rubutu a waya yau, waɗanda ke ba da na ɗaya kyauta su sa wa na biyu kuɗi, wace takarda suke saye?

Ba mu ce kada a yi na biyu ba. Amma kafin a kai shi ɗab'i, a miƙa wa wanda bai karanta na ɗaya ba, bai kuma ga fim ba. In ya tambayi wane ne wannan, me ya haɗa su faɗa, to aiki bai ƙare ba. A koma a gyara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kowane littafi kuma ya ɗauki nauyin kansa.