Shafin da ba ya buɗuwa a wayar mutumin Dakoro, wa aka yi wa shi?

A watan azumin da ya wuce, wani yayana da ke aikin gini a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya ya kira ni da daddare. Ya tara ƴan kuɗi, yana so a saka wa tsohuwarmu farantin sola a gida Dakoro, ta samu fitila da fanka kafin zafin Afrilu ya kankama. Wani abokinsa ya turo masa adireshin shafin intanet na wani shago mai wannan aiki. Ya ce da ni: “Ƙanena, duba mini abin nan. Tun ɗazu yake ta juyawa, har megana sun ƙare ban ga komai ba.”

Washegari na buɗe shafin a kwamfutar ofis. Gaskiya ya yi kyau. Hotuna na gilmawa ɗaya bayan ɗaya, ga bidiyon wasu gidaje masu jan rufi waɗanda ko a Yamai ban taɓa ganin irinsu ba, ga dogon jawabin maraba da Faransanci. Lambar wayar mai shagon tana can ƙasa, kuma a cikin hoto aka rubuta ta, ba a iya latsa ta, ba a iya kwafa. Farashi kuwa sai ka sauke wata takardar PDF. Da na gwada a wayata, rubutun ya koma kamar ƙwayar gero, rabin shafin ya fice daga allo.

Mai shagon nan ya biya kuɗi aka yi masa shafi, kuma shafin ya kore masa mai saye da kuɗi a hannu. Ina ganin laifin ya fi rataya a wuyanmu, mu matasan da muka yi boko muka koyi taɓa kwamfuta, muke sayar wa masu sana'a abin da zai burge abokanmu maimakon abin da zai kawo musu ciniki.

Duniya ta daɗe da wuce wannan mahawara. Tun a watan Afrilun 2015 kamfanin Google ya fara fifita shafukan da ke buɗuwa da kyau a waya idan mutum ya yi bincike da salula, kuma a watan Oktoban 2023 ya sanar da cewa ya kammala komawa ga duba fuskar shafi ta waya wajen jera sakamako. Wannan a ƙasashen da kusan kowane gida akwai kwamfuta ke nan. A Dakoro, gari mai tazarar kilomita 120 ko kusa da haka a arewa da Maraɗi, in ka cire ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, wa ke neman magini ko mai walda da kwamfuta? Waya ce, Itel ko Tecno, sau da yawa allonta a tsage, cajinta saura kaɗan, megan da ke ciki an saye shi ne na yini ɗaya a layin Airtel ko Moov ko Zamani. Ka ɗan fita gari ka nufi Kornaka ko Birnin Lalle ko ƙauyukan kwarin Tarka, rezo yana zuwa yana tafiya.

Wannan mutum shi ne mai hukunci a kan shafinka. Sai kuma ɗan uwansa na ƙetare, wanda masu tsara shafuka ke mantawa da shi alhali shi ne mai kuɗin. Ɗan ci-rani a Libiya ko Abijan ko Legas shi ke biyan kuɗin bulo da kwano, shi ke aiko da kuɗin ɗinkin salla, shi ke neman wanda zai yi wa awakin gida allura, shi ke sayen tikitin motar da za ta kai mahaifinsa asibiti Maraɗi. Kuɗin ba su da wuyar isowa, ga Nita ga Amana ga Al Izza. Abin da ke masa wuya shi ne sanin wa zai ba aikin, nawa ne kuɗinsa na gaskiya, kuma ko mutumin yana nan da gaske. Kowa a cikinmu ya san labarin wanda ya shekara yana turo kuɗin gini, ya dawo ya tarar da fili da tarin yashi.

To me ya kamata ya gani a daƙiƙun farko? Sunan sana'a, aikin da ake yi, da lambar da zai latsa ta kira kai tsaye, da wani maɓalli babba, daidai babban yatsa, da zai kai shi WhatsApp. Duka biyun layi ɗaya ne na rubutu ga wanda ya iya aikin, ba su cin ko dala. Sai kwatance irin namu. Ba mu neman wuri da lambar titi. Mukan ce bayan tasha, daura da babban masallaci, kusa da kasuwar dabbobi, kuma da haka ɗan kabu-kabu zai kai ka. Lokacin buɗewa ma a faɗe shi yadda muke faɗa: ana rufewa da Azahar, a dawo bayan La'asar, ran Juma'a sai an sauko.

Maganar hoto ita ce ta fi ci mini rai. Hoto ɗaya da wayar zamani ta ɗauka yakan kai mega 3 zuwa 5. Ka jera goma a shafin farko ba ka rage musu nauyi ba, ka cinye wa bawan Allah abin da ya saya don ya ji muryar iyalinsa. Hoton nan za a iya matse shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, kuma a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Sa'annan hoton wa? Ƙofar ƙarfe da mai waldar ya ƙera da hannunsa, an jingina ta a bangon shagonsa da ƙurar Dakoro a jiki, ta fi hoton kantin Dubai da aka kwaso a intanet sau ɗari. Mai kallo daga Sabha yana so ya gane unguwar, ya ce lalle wannan na gida ne. Haka launin rubutu: toka-toka a kan fari yana da kyau a ɗaki mai sanyi, amma a tsakar rana a bakin kasuwa ba a ganin komai. Baƙi a kan fari, da manyan haruffa.

Farashi fa? Nan ne masu sana'a ke turjewa, kuma ban ce ba su da hujja ba. Wani yana tsoron maƙwabcinsa ya karya masa kasuwa, wani yana tunanin masu haraji, wani kuma kayansa daga Najeriya suke shigowa, naira ta motsa lissafi ya canza. Ga shi mu mutanen tayi ne, a yi albarka a ƙara. Duk da haka ina ganin a rubuta ko da “daga jaka kaza zuwa jaka kaza”, a sa ranar da aka rubuta. Wanda ke nesa ba ya iya tsayawa ciniki a bakin shago, kuma shafin da ya ɓoye kuɗi gaba ɗaya yakan sa ya zargi cewa farashin ɗan ci-rani daban ne. Sau da yawa ma zargin nasa gaskiya ne.

Sai harshe. Tun watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma shafukan da ake yi wa masu gyaran babur har yanzu da Faransancin takardar neman aiki suke magana. A rubuta da Hausa, a sa Faransanci a gefe don ma'aikatan ƙungiyoyi. Kuma da yake da yawa daga cikin masu sayen ba su karatun boko, a ɗora gajeren saƙon murya na mai sana'ar, yana faɗin sunansa da aikinsa da inda yake. Murya ba ta da nauyin bidiyo, kuma Bahaushe yana auna mutum daga maganarsa.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tela a Dakoro ba ya bukatar shafi, WhatsApp ya ishe shi. Ga mafi yawansu na yarda. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba ka damar jera kaya da hoto da farashi da lokacin aiki kyauta, kuma mai gyaran waya da ya cika wannan da kyau ya fi mai shafin da ba ya buɗuwa. Duk wanda ya ce wa mai faci sai ya biya kuɗin shafi kafin ya samu ciniki, cutarsa yake so ya yi. Amma rumfa ce a filin wani. Waya ta ɓace, ko ɓarayin intanet su ƙwace lambar su riƙa karɓar kuɗi da sunanka, shi ke nan. Kuma manyan kamfanonin nan ba su shawara da kowa: a watan Maris na 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bari masu sana'a suka buɗe ta hanyar rajistar kasuwancinsu, waɗanda suka buga adireshin a allon shago suka wayi gari ba shafi. Saboda haka mai masauki, da kamfanin sufuri, da ɗakin shan magani mai zaman kansa, da mai haɗa sola, waɗanda baƙo ke nema ba tare da ya san kowa a gari ba, su kam shafi ɗaya mara nauyi na kansu yana da amfani.

Ga masu tsara shafuka na Maraɗi da Yamai, kafin ku miƙa aiki ku karɓi cikon kuɗi, ku rufe kwamfutar. Ku ari wayar mai gadi, ku kashe wifi, ku fita rana, ku buɗe shafin. Ku ba wani dattijo ku ce ya kira mai shagon. In ya yi minti ɗaya yana lalube, aiki bai ƙare ba. Sa'annan ku rubuta wa mai sana'ar kalmar sirrinsa a takarda, ku nuna masa yadda zai canza farashi da kansa daga wayarsa.

Yayana dai wani ya ba aikin, wanda wata ƙanwar babanmu ta turo masa lambarsa a saƙon murya. Da na je gida hutu na biya ta shagon mai shafin, na gaishe shi, na nuna masa abin da ya faru a wayata. Ya jima yana kallo, ya ce: “Wallahi ɗana, ni ban taɓa buɗe shi ba.” Na ce ko za a gyara. Ya ce yaron da ya yi masa ya koma Yamai da kalmar sirrin, lambarsa kuma ta daina shiga.