Ina Za Mu Sauka In Mun Je Bauchi?

Tun da aka fara shawarar yawon ganin ƙasa na bana, maganar masauki ita ce ta fi yawa a bakin 'yan'uwana. Waɗansu sun kafe a kan cewa in dai Bauchi za a je, to, sai babban otal, irin su Zaranda da ke kan hanyar Jos, mai bene bisa bene. Ni dai ban yarda ba, ina kuwa roƙon Edita ya ba ni fili in faɗi dalili. Ba don kanmu kaɗai na ke magana ba, gama nan da shekara ɗaya ko biyu mu ne za mu riƙa kai yaran mutane irin wannan tafiya, abin da muka saba da shi a kwaleji kuwa shi za mu yi musu.

Ban ce otal mugun wuri ba ne. Amma an gina shi ne domin manyan ma'aikata da fatake, mutum ɗaya ko biyu a ɗaki, kowa ya rufe ƙofarsa ba ruwansa da wani. To, a yi lissafi. Aji mai mutum 40, in an sa su biyu biyu, ɗaki 20 ke nan, ƙofa 20, makulli 20. Malamai biyu ko uku da suka yi rakiya, yaya za su yi in dare ya yi? A ɗakin kwana na makaranta malami ya kan tsaya bakin ƙofa ɗaya ya ƙirga kawuna, ya kashe fitila, shi ke nan. A otal kuwa sai dai ya kwana yana hawa da sauka, ga baƙi suna shiga suna fita, ba wanda ya san daga inda su ke. Iyayen 'yan mata ba su kan bar su su fito ba sai an yi musu alkawarin tsaro, alkawarin nan kuwa a wuyan malami ya ke.

Sa'an nan ga kuɗi. Cikinmu akwai waɗanda sai an sayar da akuya ko buhun dawa a gida kafin a aiko musu da na tafiya. In aka ɗora kuɗin ɗaki na kwana biyu da abincin otal a kan kuɗin mota, lalle waɗansu za su ce ba su jin daɗi ranar tashi, mu kuwa mun san ciwon da ke damunsu.

Amma babban dalilina shi ne abin da za mu je gani. Ba gado mai laushi zai kai mu Bauchi ba. Garin Yakubu za mu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Inkil tukuna, kana ya kafa birnin a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon wajen mil 6 da rabi. Yawancin ganuwar ta zube, gidaje sun cinye wurinta, amma ƙofofin suna nan da sunayensu har sun zama unguwanni: Wunti, Ran, Tirwun, Inkil, Jahun, Wambai, Dumi da sauransu. Da ni ne mai shirya tafiyar, da sassafe zan tsai da ajin a Ƙofar Dumi, kowa da littafinsa da fensir, mu taka da ƙafa har ƙofar fada. A hanya kowa ya zana taswirar lungun da muka bi, ya tambayi dattawan da ke zaune a zaure ta ina ganuwa ta bi a da. Darasin tarihi da na labarin ƙasa ke nan a tafiya ɗaya, ba a sayi ko alli ba. Karin kumallo kuwa, wa zai je Bauchi ya zauna kan tebur yana jiran burodi da shayi, alhali ga masa tana fitowa daga tanda a bakin hanya?

Daga nan sai kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya kamata kowane ɗan kwalejin horon malamai ya tsaya can, domin shi ma malami ne. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, kafin ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a Janairu 1966. Wanda ya sauka nesa da cikin gari, duk waɗannan wurare sai ta tagar mota zai gan su, direba yana ta duban agogo.

Masu son otal suna da hujja guda wadda ba ta rainawa. Sun ce can akwai ruwa da wutar lantarki da masu gadi, zamanin nan kuwa ba a wasa da tsaron 'yan makaranta. Gaskiya ne. Sai dai makarantun kwana ma suna da katanga da mai gadi, lokacin hutu kuwa ɗakunansu a wofi su ke. Abin da ake bukata shi ne a rubuta wa shugaban wata daga cikinsu da wuri, a aiki malami ɗaya ya riga mu zuwa ya duba ruwa da makewayi da inda 'yan mata za su kwana, a kuma sanar da 'yan sanda da mai unguwa ranar isowarmu. Kowa ya riƙo tabarmarsa da gidan sauro.

Abin da ya ragu na kuɗi sai a zuba shi a man mota zuwa Yankari, wajen mil 70 daga Bauchi. Tun 1962 aka buɗe dajin ga masu ziyara, amma cikinmu da yawa ba su taɓa ganin giwa ba sai a littafin karatu, balle su shiga ruwan ɗumi na Wikki. Ina roƙon kwamitin tafiya ya aika da takardar nan kafin ƙarshen wata, tun makarantu ba su tashi hutu ba.