Jar Fitila Ba Geji Ba Ce: Tsohuwar Mota da Baƙin Mai a Hanyar Badarawa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, ko daga Zurmi ya nufi Jibiya, in dai ya taɓa samun kujerar gaba, to da wuya a ce bai taɓa ganin wata 'yar jar fitila mai siffar buta tana ƙyafta ido a gaban direba ba. Da wuya kuma a ce ya taɓa ganin direban ya tsaya dominta. Abin da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne, fassarar da direbobinmu suka yi wa wannan fitila gurguwa ce, kuma a hanya irin tamu ta Badarawa, kuskuren ya wuce asarar inji, ya kai ga wasa da rayukan bayin Allah.

Bari mu fara da motocin kansu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, garin ya zama mashigar fatauci ga ƙasar Zamfara ta arewa, amma a yau mota ce ke ɗauke da nauyin jama'a da kayansu. A zamanin iyayenmu, sarauniyar hanya ita ce Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗawa har wajejen 2006. Waɗannan aƙalla akwai waɗanda aka saya sababbi dal, mai su ya san tarihinsu tun daga ranar farko. Yanzu kuwa Golf da Sharan ne suka cika tasha, akasarinsu an ƙera su tun shekarun 1990, sun ƙare ƙuruciyarsu a Turai, suka biyo ta Kwatano, suka ratsa hannun mutum uku ko huɗu kafin su iso gare mu. Motar da aka yi domin mutum biyar, a kan lafiyayyen titi a ƙasar sanyi, ita ce muke ɗura wa fasinja da buhunan gero har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, a cikin zafin bazara da ƙurar hunturu. Ba abin mamaki ba ne in ta sha baƙin mai. Abin mamaki shi ne yadda muka mayar da shan nata tamkar wata ɗabi'a, irin cin goro, wadda ba ta bukatar bincike.

To, mece ce ainihin maganar da jar fitilar nan take yi? A cikin inji akwai famfo da ke zuƙo baƙin mai daga kaskon da ke ƙasa, ya tura shi da ƙarfi ta wasu ƙananan hanyoyi zuwa ga ƙarafan da ke jujjuyawa. Waɗannan ƙarafa, in inji na da lafiya, ba sa taɓa juna ko kaɗan. A kan wani siririn shimfiɗin mai suke yawo, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Fitilar ba ta san yawan man da ke cikin kasko ba. Ƙarfin turin kurum take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin nan ya faɗi ƙasa warwas, ya kusa zama babu. Watau sa'ad da direba ya ga ja, ƙarfe ya riga ya soma cin ƙarfe. A wasu motocin zamani akan sami wata fitila dabam, ruwan ɗorawa, mai faɗin cewa mai ya yi ƙasa. Galibin tsofaffin motocinmu ba su da ita.

A nan ne nake ganin harshe ya yi mana tasiri, kuma ɗalibin Hausa yana da ta cewa. Direba kan kira ta da fitilar mai, kamar yadda yake kiran fitilar da ke nuna fetur ya kusa ƙarewa. Da yake ya san in ta fetur ta kama yana da sauran tafiya mai ɗan dama kafin mota ta tsaya, sai ya auna wannan da waccan, ya ce bari a kai Moriki tukuna, ko bari a shiga Shinkafi a ƙara. Suna ɗaya ya haifar da hukunci ɗaya, alhali kuwa al'amuran biyu sun yi hannun riga. Rashin fetur tsayar da mota yake yi, a zuba a wuce. Rashin turin baƙin mai kuwa, cikin 'yan mintoci yake sa inji ya buga, sai an sauke shi an kai wa masu gyaran ƙarfe, ko ma a nemi wani. Da tun farko an raɗa mata suna fitilar tsayawa, da wataƙila an tsirar da injuna masu yawa.

Abin da ke faɗin gaskiyar yawan mai shi ne geji, wannan siririn ƙarfen da ake zarowa a goge da tsumma a mayar a sake zarowa. Yana da zane biyu, na sama da na ƙasa, kuma a yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kimanin lita ɗaya ce, a injin da dukan abin da yake ɗauka bai fi lita huɗu ba. Mu yi ɗan lissafi. Wasu kamfanonin mota sun rubuta a littattafansu cewa inji na iya ƙona har lita ɗaya a tafiyar kilomita 1,000. Mu ɗauka tsohuwar motar haya tana shan daidai wannan, direbanta kuma yana yin kilomita 250 a yini. Ashe ke nan cikin kwana huɗu mai zai sauko daga zanen sama zuwa na ƙasa. In ya cika ran Lahadi, kafin cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya isa gaɓa, kuma a duk tsawon kwanakin nan fitila ba za ta ce uffan ba. Wanda ke jiran ranar juye kafin ya buɗe gaban mota, a kan irin wannan inji, yana gini ne a kan toka.

Ita fitilar ma, ga mai lura, ƙyaftawarta iri-iri ce. In tana kamawa a kan kwana ko sa'ad da aka taka birki, sa'an nan ta mutu, to mai ne ya yi ƙasa har yana gudu gefe guda ya bar bakin famfo yana zuƙar iska. In kuwa sai inji ya ɗau zafi, an tsaya a shingen bincike yana aiki a hankali, sa'an nan take kamawa, alhali geji ya nuna mai a cike, to ƙarafan ciki ne suka cinye, ko famfo ya gaji, ko man ya tsinke. Wani lokaci kuma na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace, wannan kuwa 'yar aba ce mai araha. Hayaƙin salansa shi ma shaida ne: baƙi na fetur ne da bai ƙone ba, fari mai kauri na ruwa ne, shuɗi-shuɗi shi ne na baƙin mai. In shuɗin da safe yake fita wajen tayarwa sa'an nan ya ɗauke, a duba robobin bawul. In a kan hawa yake fita da lodi, ringi ne suka mutu. Su kuwa ringi babu abin da ke kashe su a ƙasarmu kamar ƙura, musamman ga masu cire matacin iska su yar wai don mota ta ƙara gudu.

Mafi muni cikin duk abin da na gani a gareji shi ne maganin da wasu kanikawa ke yi wa fitilar: a cire wayarta, ko a zare ƙwan, ko a manna mata baƙin salatif. Golf tana da ƙararrawa da ke kuka tare da fitilar, ita ma sai a kashe bakinta don kada fasinja ya tsorata. Wannan daidai yake da a ɗaure bakin kare don kada haushinsa ya hana mai gida barci, ga kuwa ɓarawo a zaure. Na biyunsa shi ne zuba mai mai kaurin gaske, ko haɗa shi da wani abu mai danƙo, domin a rufe bakin fitila kwana biyu, yawanci gab da za a sayar da motar ga wani bawan Allah.

Na san abin da direba zai ce, kuma ban raina hujjarsa ba. Zai ce motar ba tasa ba ce, balas ake jira daga gare shi kowace yamma, ko ya samu ko bai samu ba. Zai ce tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan da ya biyo, kuɗin galan na baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo, domin kuwa tushen man daga waje ake shigo da shi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, wadda aka yi wa sashen sarrafa irin wannan mai, ta shafe shekaru ba ta biya wa ƙasa wannan bukata ba. Saboda haka sai ya tsaya wurin 'yan bumburutu ya sayi na kwalba, wanda ba shi da suna balle hatimin hukumar SON, wanda kuma zai yiwu tsohon mai ne da aka juye daga wata mota aka tace da ƙyalle. Duk wannan gaskiya ne. Amma zaro geji ba ya cin ko kwabo. Kuma mai mota da ke ƙin ware kuɗin mai daga cikin balas, shi ne zai biya kuɗin inji, wanda ya ninka na galan sau da yawa. Talauci na iya hana mutum sauya ringi. Ba ya hana shi sanin cewa motarsa na bukatar lita ɗaya duk bayan kwana huɗu, ya ajiye ta a but.

Da a ce a titin Kano zuwa Zariya muke magana, da sai mu ce asara ce ta dukiya, Allah ya mayar da alheri. Amma kowa ya san halin da hanyoyin Shinkafi da Zurmi suka shiga a shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga. Akwai wuraren da direba ba ya ko rage gudu, akwai lokacin da in ya wuce ba a shiga hanya. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a Jihar Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, wanda motarsa ta mutu a daji a lokacin ba shi da ko hanyar kiran ɗan'uwa. A irin wannan hanya, injin da ya buga tsakanin Moriki da kwanar Badarawa da la'asar sakaliya ya ajiye mata da yara da tsofaffi a inda babu mai son tsayawa ya taimaka. Har ma shawarar da makaniki na ƙwarai zai bayar, watau in ja ta kama a kashe inji nan take, ta zama mai wuyar bi, don direba na iya zaɓar ya kashe injin da gudu a kan ya tsaya a wurin. Ban ga laifinsa ba in ya yi haka. Laifin an yi shi tun da safe a tasha, sa'ad da aka yi lodi ba a buɗe gaban mota ba.

Don haka ni a ganina tasha ce wurin gyara, ba bakin hanya ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da wakilai a kowace tasha, suna rubuta layi, suna karɓar kuɗin lodi, suna hana wanda ya tsallake layi ɗaukar fasinja. Wanda ke da ikon hana mota lodi saboda layi, yana da ikon hana ta saboda geji. Abu biyu kurum za a duba, kuma ba su fi minti biyu ba. Na farko, a zaro geji a wuri mai daidai, inji a kashe ya ɗan huce, a ga mai yana tsakanin zane biyu. Kada ya gaza, kada kuma ya haura, don wanda ya yi yawa kumfa yake yi. Na biyu, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba: lafiyayyar fitila dole ta kama a lokacin, ta kuma mutu da zarar inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire wayarta ke nan, sai a ce wa direba ya koma gareji, a ba na bayansa lodi.